Ƙafar Kaza a Gindin Turbo

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a Gwarzo ya san takalman Hammadu Kutama, ko da bai san fuskarsa ba. Silifa ne shuɗaye kamar na kowa, sai dai in ka juya su za ka ga an tsaga zane uku a dunduniya, sun haɗu a gindi sun rabu a sama, kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafar kaza ke nan, tambarin gidansu. Mahaifinsa ɗan hatsi ne, da shuni yake zana ta a jikin buhu don kada kayansa su cakuɗe da na wani a kasuwa, kuma iyakarta ke nan a wurinsa. Da ta faɗo hannun Hammadu sai ta bar buhu ta shiga duniya. Tana jikin butarsa, tana bayan rediyonsa, tana ƙahon bijiman da yake kiwo, tana gindin tukwanen matarsa Sauda. Sauda takan ce lokacin da aka kawo ta gidan ta daɗe tana shafa ƙeyarta da safe, don ta tabbata ita ba a zana mata ba.

Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. In ya ga tsohuwa da ƙunshin kaya a bakin hanya zai tsaya ya ɗauke ta, ba ya karɓar ko sisi. Sai dai fa bayan ta sauka zai ɗaga kujera ya leƙa. Haka Allah ya yi shi: ido ɗaya a kan abin da ake nuna masa, ɗaya a kan hannun mai nunawa. In mai shayi ya ƙara masa madara, sai ya tambaya ko ta kusa lalacewa ne. In tela ya gama masa ɗinki a ranar alkawari, sai ya auna rigar da kamu, don tela mai cika alkawari a wurinsa abin bincike ne. Ko yaron mota bai taɓa ɗauka ba. Ya ce gara ya canja taya shi kaɗai a tsakiyar rana da a ce wani ya san inda yake ajiye sifana.

Tun yana saurayi yake tuƙi. Ya ja wa mutane mota shekaru masu yawa, yana ɗaukar dawa da masara daga ƙauyukan Gwarzo zuwa Dawanau, har ya samu ya sayi wata tsohuwar motar kanta tasa ta kansa, wadda sai an tura take tashi, in ta tashi kuma sai an roƙe ta take tsayawa. Da ya ga ta fi zaman gareji a kan tafiya, sai ya haɗa ta da gonar gadonsa ta bakin fadama ya sayar, ya nufi wani kamfanin dillancin manyan motoci a Kano, ya ce shi ma sau ɗaya a rayuwarsa zai ja motar da ba wanda ya riga shi zama a kujerarta.

Kamfanin ya tsorata shi tun daga ƙofa, don an yi masa maraba da yawa. Aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, aka kawo masa ruwan gora. Ya juya murfin ya duba, ya ajiye bai sha ba. Wanda ya kula da shi wani matashi ne mai suna Zainulabideen, mai fara'a, mai ƙamshin turare, wanda ba ya rufe magana sai da Baba. Bayan an gama ciniki, sai ya gyara zama.

“Baba, motar nan tana da garanti na shekara guda kyauta. Amma in ka ƙara wani abu a kai, sai mu tsawaita maka shi zuwa shekara uku. Duk abin da ya lalace a inji, mu ne da gyara.”

“To me zai lalace?”

“Ba abin da zai lalace, in sha Allahu. Sabuwa ce gal.”

“In ba abin da zai lalace, ni me nake saya ke nan?”

“Kwanciyar hankali, Baba.”

“Ashe dai akwai abin da zai tayar min da shi.”

Zainulabideen ya yi dariya. Hammadu bai yi ba. Ya zauna yana kallon yaron, ya lissafa a ransa cewa mutanen nan sun san wani abu a cikin motar da ba za su faɗa ba, kuma tunda sun sani, gara su ɗauki nauyinsa. Ta haka aka sayar masa da garantin. Sauran masu saya don sun yarda da kamfani suke biya, shi kuwa don bai yarda ba.

Sai aka kai shi gaban motar aka ɗaga kanta, Zainulabideen ya nuna masa wani ƙarfe mai kamar katantanwa manne a gefen inji. Turbo ke nan, wanda yake hura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. In yana da lafiya mota ta hau tudu da lodi tana waƙa, in ya mutu ta koma tsohon jaki. A kan kowane noti da ya riƙe shi an ɗiga fenti ruwan ɗorawa.

“Ka ga fentin nan, Baba? Hatiminmu ne. Kada ka bari kowa ya kwance notin da yake da shi. Sabis kuma nan za ka riƙa kawowa. Sannan in ka yi doguwar tafiya, kada ka kashe inji nan take, ka bar shi ya ɗan yi numfashi turbo ya huce.”

“In bar mota tana shan gas tana tsaye?”

“Ɗan kaɗan ne, Baba.”

“Kuna da gidan mai ne?”

“A'a.”

“Ko wani naku yana da shi?”

Aka rabu a kan haka. Hammadu ya shigo Kutama da sabuwar mota, yara na bin ta a guje, ya tsaya a ƙofar gida ya murɗe makulli tun taya ba ta gama tsayawa ba.

A Kabo akwai wani bakanike, Ɗanladi, mai gareji a gindin darbejiya a bakin hanya. Ɗan gwaggon Hammadu ne, wato taubashinsa, saboda haka tun suna yara ba su taɓa yin magana ta minti biyu ba wadda ɗaya bai tsokani ɗaya ba. Shi ya yi ta raya tsohuwar kantar nan, kuma ya ɗan ji zafi da aka ce sabuwa ba za ta zauna a inuwarsa ba. Da lokacin sabis na farko ya matso, Hammadu ya tsaya a wurinsa shan ruwa, sai Ɗanladi ya zagaya motar yana tsaki.

“Mai kuɗin Kutama, an ce birni za a kai amarya wanka?”

“Can ne aka san darajarta. Kai ai guduma kawai ka iya.”

“To Allah ya dawo da ita yadda ta tafi. Ni dai na ji ana cewa a manyan garejin nan, mutum ya kai sabon turbo, yana zaune a ɗakin sanyi ana ba shi ruwa, a maye masa da tsoho ɗan Beljiyam. Me ka ga suna ɗiga fenti? Don su gane masu kyau ne.”

Wasa Ɗanladi yake yi, ko shi bai san inda ya samo zancen ba. Amma ya jefa shi a inda zai tsiro. Washegari da hantsi sai ga Hammadu ya dawo da ƙusa mai kaifi da wani ɗan gwangwanin fenti da ya saya a Gwarzo.

“Kwance min shi.”

“Kai Hammadu, zolayarka nake yi.”

“Zolaya ma ai daga wani wuri take fitowa. Kwance.”

“Ka ce sun hana a taɓa notin nan.”

“Shi ya sa za a taɓa.”

Ɗanladi ya yi, ya yi, ya gaji, ya ɗauko sifana. Aka sauke turbo aka kifa shi a kan buhu, Hammadu ya tsuguna ya zana ƙafar kaza a gindinsa, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi. Aka mayar aka ɗaure, ya tsoma tsinke a gwangwani ya bi notin ɗaya bayan ɗaya. Ɗanladi ya ja da baya ya karkata kai.

“Nasu kamar kwaiduwa yake, naka kamar na keken ɗan sahu.”

“Ruwan ɗorawa ai ruwan ɗorawa ne.”

Daga nan duk sabis ɗin da ya kai, da ya fito daga kamfani zai tsaya a bakin titi ya zaro ɗan madubin Sauda ya zura a ƙarƙashin turbo. Kullum ƙafar kaza tana nan. Wani zai ce wannan ya isa ya kwantar masa da hankali. Shi kuwa sai ya ce sun lura da shi ne, suna jira ya sakankance. Fentin kuwa ba wanda ya taɓa tanka masa a kai, har ya manta.

A shekara ta biyu damina ta yi kyau, masara ta yi kai biyu biyu. Ƙungiyar manoman Sabon Birni suka haɗu suka ce a bana ba za su sayar wa 'yan sari a gona ba, za su tara kayansu a kai musu Dawanau, kuma Hammadu suka ba lodin gaba ɗaya, don an san buhu ba ya ɓacewa a motarsa. Aiki ne da zai riƙe gida har damina ta zagayo, kuma a wurin manoman nan wanda ya ɗauki na bana shi ne na baɗi. Akwai wani mai mota, Tasi'u, wanda ya so aikin bai samu ba, ya dai ce wa shugaban ƙungiya in an samu wani cikas yana nan kusa.

Ana saura ƙiris a fara sussuka cikas ɗin ya zo. Hammadu na dawowa daga Kano, ya wuce Rimin Gado, sai ya ji wani fito daga gefen inji kamar butar shayi ta tafasa. Ya taka, mota ta ƙi amsawa. Ya duba madubi, hayaƙi ya rufe na bayansa har wani mai babur yana yi masa daƙuwa. Da jan ciki ya kai ta Kabo. Ɗanladi ya cire bututun iska ya zura yatsa ya girgiza fankar ciki.

“Ya tafi. Wannan kashe injin da kake yi kamar ana korar ka, shi ya dafa shi.”

“Su suka ce maka ka faɗi haka?”

“Su wa? Ni ko ruwan gorarsu ban taɓa sha ba.”

Hammadu bai damu sosai ba. Ai don wannan ranar ya biya. Ya aika wa shugaban ƙungiya cewa mota ta ɗan yi mura, ya lallaɓa da ita har kamfani. A ranar ne ya gane cewa mutanen da suka yi ta sabis ba su ga fentinsa ba suna da ido sarai. Wani mai shuɗiyar riga ya haska tocila, ya kira wani, wancan ya ɗauki hoto da waya. Zainulabideen ya zo fuskarsa ba fara'ar da aka saba.

“Baba, an kwance turbon nan.”

“Wa ya ce?”

“Fentin ya ce. Ba namu ba ne.”

“Ruwan ɗorawa ai ruwan ɗorawa ne.”

“Baba, wannan na ƙofar shago ne. Don Allah me ya sa aka kwance?”

Hammadu ba ya iya ƙarya, kuma gaskiyar ba ta da daɗin faɗa a gaban wanda ake zargi. Can ya ce, “Dubawa na yi ko yana nan.”

Hukuncin kamfani ya fito a taƙaice. Garanti ya faɗi a kan turbo, sai dai ya sayi sabo. In ya saya a wurinsu suka ɗaura, garantin sauran inji yana nan daram. In ya kai wani wuri, duka ya tashi. Da Zainulabideen ya rubuta masa farashin, Hammadu ya duba, ya nisanta takardar da idonsa ya sake dubawa. Kuɗin bijimansa biyu ne cur, da igiyarsu.

“Turbo ɗaya nake so, ba na ƙauyenmu gaba ɗaya ba.”

“Orijina ne, Baba, daga masana'anta. Ba irin na kasuwa ba.”

Ya bar motar a can ya hau ɗan sahu zuwa Ƙofar Ruwa, wai ya ga na kasuwar da idonsa. Aka nuna masa shagon wani Abdulrahman, dattijo mai farin gemu, wanda ya saurari lambar injin, ya shiga ciki ya fito da turbo sabo fil, mai sheƙin maiko. Hammadu ya juya shi, ya hura fankar, ya shinshina. Bai ga bambanci da nasa ba ko na ƙwayar gero. Ya tambayi kuɗi. Kashi ɗaya cikin uku na kamfani, kuma Abdulrahman ya ce in da gaske yake zai rage masa na mota.

“Shi kaɗai ya rage min irinsa, Alhaji. In za ka ɗauka, ɗauka.”

“Ajiye min. In yi azahar in dawo mu ƙarasa.”

Waya ta kira Abdulrahman, ya juya yana amsawa. Hammadu ya san halin 'yan kasuwa, ko dai yana ganin ya sani: a nuna maka mai kyau, ka juya baya a naɗe maka wani. Ya zaro ƙusarsa daga aljihu, ya karce zane uku a gindin turbon, ya mayar cikin kwali.

A masallaci ne abin ya lalace. Yana sallame sallah ya zauna yana jan carbi, sai tambaya ta zo ta zauna kusa da shi. Me ya sa ya yi araha haka? Me ya sa har zai ƙara ragi ba a roƙe shi ba? Kuma wane ɗan kasuwa ne ba ya cewa shi kaɗai ya rage? In na kamfani tsadarsa ta yi yawa, ai an san ɓarayi ne, an san inda za a same su. Wannan kuwa mai farin gemu, in turbonsa ya fashe a tsakiyar lodin Sabon Birni ya watsa ƙarfe cikin inji, wa za a kama, ga garanti ya riga ya tashi? Hammadu ya ɗauki silifansa ya fita ta ɗaya ƙofar, ya yi tasha.

A gida ya tarar da Ɗanladi ya zo duba shi, yana zaune a zaure Sauda ta miƙo masa fura. Ya ba su labari tun daga fenti har masallaci.

“Tsaya in gane,” in ji Ɗanladi. “Mai tsada ɓarawo ne don ya yi tsada. Mai araha ɓarawo ne don ya yi araha.”

“Yanzu ka fara hankali.”

“To wa za ka saya a wurinsa? Aljani?”

Sauda daga bayan labule ta ce, “Ai da zai ga aljanin sai ya ce a juya masa shi ya duba gindi. Malam, ni dai ɗazu na ji injin sussuka yana kuka ta wajen Sabon Birni. Kuma an ce Tasi'u ya wanke motarsa.”

Wannan maganar ce ta yanke. Hammadu ya fita ya tsaya a gaban bijimansa, waɗanda yake kitsawa don kasuwar babbar Sallah, ya daɗe yana sosa musu wuya. Ranar kasuwa aka ja su. Ya ce gara ya biya kuɗin da ya san zalunci ne, a ɗaura masa abin da in ya mutu akwai wuyan da zai riƙe.

Zainulabideen ya ce masa kayan yana hanya daga Legas, ya ɗan ƙara haƙuri. Hammadu ya yi haƙurin a tsaye. Shugaban ƙungiya ya kira shi ya ce buhuna sun fara taruwa, sama kuma tana haɗa hadarin ƙarshe, ba za su bar masara a fili ba. In mota ba ta zo ba jibi da safe, to ya yi musu uzuri. Washegari kamfani suka kira, kaya ya iso.

Kwali ne mai kyan gaske, an naɗe shi da leda, an manna masa takarda mai sheƙi da sunan kamfani. Mai shuɗiyar riga ya ɗauka zai wuce da shi gareji, Hammadu ya tare hanya.

“Ajiye nan in gani.”

“Baba, ai a rufe yake daga can,” in ji Zainulabideen.

“Shi ya sa za a buɗe.”

Aka buɗe a kan teburin karɓar baƙi, a gaban wasu direbobi da suke jiran motocinsu. Hammadu ya ɗaga turbon, ya hura fanka, ya shinshina. Sannan ya kifa shi, kamar yadda yake kifa duk wani abu da ya shigo hannunsa tun yana yaro. Ya lashi babban yatsa ya goge maiko.

Zane uku ne, sun haɗu a gindi sun rabu a sama, ƙarfen wurin yana haske don sabon karce ne.

Wanda yake tsammanin Hammadu zai yi ihu bai san shi ba. Wani irin sanyi ne ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana leƙa gindin abubuwa, ana yi masa dariya a gida da tasha da masallaci, bai taɓa samun komai ba ko sau ɗaya. Yau ga shi. Ya ji idonsa ya ciko, ya yi hamdala a hankali. Sai ya sunkuya ya cire silifansa na dama, ya kifa shi a kan teburin kusa da turbon.

“Ɗana Zainu, zo ka duba min. A masana'antar taku akwai mutumin Kutama ne?”

Zainulabideen ya dubi takalmi, ya dubi turbo, ya sake duban takalmi. Direbobin suka taso suka kewaye tebur. Hammadu ya ba da labarin Ƙofar Ruwa a natse, yana jan kowace gaɓa, kamar mai ba jikoki tatsuniya. Wani ƙaton direba ya fashe da dariya har yana dukan cinya, sannan ya daina dariyar ya ce shi ma a kawo masa kwalin famfon da aka sa masa ɗazu.

“Wallahi Baba ban sani ba,” in ji Zainulabideen, murya ƙasa ƙasa. “Ni abin da sito suka ce min shi na faɗa maka.”

Hammadu ya dube shi. Ga mamakinsa sai ya ji ya yarda da yaron, abin ya ɗan dame shi.

Manaja ya fito da sauri yana gyara hula. Ya ce a fahimce su, jirgin kayansu ne ya makara, kuma in haka ta faru sukan nemo a wurin amintattun 'yan kasuwa don kada mai mota ya yi asara. Kayan iri ɗaya ne, daga wuri ɗaya suke fitowa. Abin da ya hau kan farashi kuwa kuɗin tantancewa ne, da ƙwararrun ma'aikata, da tsayawa a bayan kaya.

“Mai tantancewar bai duba gindi ba,” in ji Hammadu. “Ranka ya daɗe, ni ba rigima ta kawo ni ba, lodi ne yake jirana. Turbon nan nawa ne, ga shaida. Zan biya abin da mai shi ya ce min, in biya ladan ɗauri, ku ɗiga fentinku na kwaiduwa, garantina ya ci gaba. Ledar da kwalin ku riƙe, ban saya ba.”

Manaja ya dubi direbobin da suka zuba masa ido, ya ce shi ke nan, an gama, a yi wa Baba aiki yanzu yanzu.

Saurin amincewar nan ya tsaya wa Hammadu a rai. Yana tsaye a kan masu ɗaurin, hannu a baya, yana ta saƙa cewa da ya ce kyauta fa? Wataƙila da sun yarda. Ko kuwa akwai wani wurin da za su fanshe? Bai matsa ba har aka ɗiga fenti na ƙarshe. Zainulabideen ya rako shi har ƙofa da ruwan gora. Hammadu ya juya murfin ya duba, ya sha.

Ya tsaya a Kabo don kawai Ɗanladi ya ji ƙarar inji. Ɗanladi ya saurari labarin baki buɗe, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya yana share hawaye.

“Wato ka sayar da bijimai biyu don ka je ka sayi abin da ka gudu ka bari a Ƙofar Ruwa.”

“Amma na kama su.”

“Ka kama su. Dattijon nan mai farin gemu fa, da ka bar shi yana jiranka tun azahar?”

Hammadu ya sosa ƙeya. Ya ce zai biya ta wurinsa ya ba shi haƙuri in ya kai lodi. Daga baya ya ƙara da cewa zai kuma tambaye shi nawa ya sayar wa kamfanin, don ba mamaki ya yi musu ragin da ya fi nasa.

Da sassafe ya shiga Sabon Birni. Buhuna sun yi tsauni a bakin fili, ga motar Tasi'u a gindin tsamiya an buɗe bayanta, 'yan dako suna ɗaure ɗamara. Da suka ji ƙarar motar Hammadu sai suka tsaya suka dubi shugaban ƙungiya. Shugaban ya ɗaga hannu ya nuna musu ita. Tasi'u ya rufe bayan motarsa, ya zo ya miƙa hannu ya ce barka da arziki, Allah ya tsare gaba. Hammadu ya amsa da kyau, ya yi godiya, sannan ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayoyinsa duka.

Ya kwashe masarar Sabon Birni har buhun ƙarshe kafin ruwan ya sauko, kuma an riga an ce masa na baɗi ma nasa ne. Rarar kuɗin bijimai ta sayo ɗan maraƙi guda, wanda ƙahonsa bai fito sosai ba, Hammadu yana jira ya zana masa.

Yanzu in ya dawo daga Dawanau ya tsaya a ƙofar gida, ba ya kashe inji nan take. Yakan zauna a ciki, mota na gurnani a tsaye, shi kuma ya kafa wa allurar gas ido kamar zai cinye ta. Ranar nan Sauda ta leƙo ta same shi a haka.

“Malam, ashe dai ka yarda da maganar yaron nan.”

“Ban yarda ba. Gwada shi nake yi.”

“To in ka gama gwajin ka miƙo min madubina.”

Ya laluba aljihun mota ya miƙa mata. Ta juya bayansa ta duba, ga ƙafar kaza, ta yi ajiyar zuciya, ta shige gida.